Jar filtar nan da ake ɗaura wa mota: iska mai sanyi take sha ko hucin injin?

Ƙanina ne ya zo min da Corolla ɗinsa ranar wata Asabar, irin ta 2005 ɗinnan mai injin 1.8, tun daga bakin layi nake jin wani gurnani kamar an shigo da babbar mota, yana yin fakin ko gaisawa bamu gama ba yace Yaya zo kaga aiki. Ya ɗaga bonet, sai ga shi an tuge baƙin akwatin iyakilina, wato wanda filtar iska take ciki, gaba ɗaya, an saka wani bututun alminiyam sai sheƙi yake, a bakinsa an ɗaura jar filta mai siffar mazurari. Wai sunan abin kol eya intek, yanzu motar iska mai sanyi take sha, ta ƙara wuta kuma ta rage shan mai. Nace toh madalla, ɗan ɗora hannunka a kan bututun. Ya ɗora, ya janye da sauri har da yarfe hannu.

Abin da yasa maganar nan take ruɗa mutane shine tushenta gaskiya ne, ba ƙaryar ƴan kasuwa bace gaba ɗayanta. Injin fetur baya ƙona mai shi kaɗai, sai da iska, kuma a cikin iskar ma oksijin yake nema wanda shine kusan kashi 21 cikin 100. Lissafin da birenbos ɗin mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, yake bi a yawancin tafiya shine awo 14.7 na iska kan awo 1 na fetur, a nauyi fa ba a girma ba, wanda idan ka juya shi zuwa abin da muka saba, lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska wajen lita dubu 9. Toh silinda kuma girmanta baya canjawa, mudu ce, abin da ta ɗauka jiya shi zata ɗauka yau. Bambancin yana cikin abin da aka zuba a mudun. Iska in ta ji zafi buɗewa take ta yi sako-sako, in ta yi sanyi ta tsuke ta yi nauyi, kamar dai mudun gugguru da mudun masara, mudun ɗaya ne amma nauyin ba ɗaya ba, duk da dai na iska bambancin bai kai haka ba. Iska mai nauyi ta fi oksijin, birenbos ya gani ya ƙara mai daidai da ita, fashewar ta fi ƙarfi, fistin ya samu turi mai kyau. Shikenan ilimin.

Nawa ne ribar? Duk digiri 3 da iska ta ƙara zafi nauyinta yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100. Kace a waje ana digiri 40, irin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, a cikin bonet kuma iskar ta kai 70, kaga an rasa kusan kashi 9 na nauyin iska kenan. Amma ba duka ke komawa ƙarfi kai tsaye ba, lissafin da masu gwada injin suke amfani da shi yana bada kusan rabin haka, kashi 4 zuwa 5. A Corollar nan mai ƙarfin doki 130, ana maganar doki biyar ko shida ne. Ba ƙarami bane ga mai tsere, amma ga mai kai yara makaranta ya wuce kasuwa, bai kai abin da kunna AC yake cinyewa a ƙafarka ba.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan tasiri a ƙasar zafi kuma ba a cika faɗarsa ba. Iska mai zafi tana sa cakuɗin mai da iska ya riƙa fashewa da kansa a wani lungu na silinda kafin wutar fulogi ta isa wajen, shine ƙarar nan da zaka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka taka mota a hawa. Turawa nokin suke ce masa, amma kada ka haɗa shi da nokin ɗin garejinmu wanda ke nufin injin ya buga, wannan daban. Motar zamani tana da sensa a jikin bulok mai sauraron wannan ƙarar, tana da wata mai auna zafin iskar da ke shiga, da zarar zafi ya yi yawa sai birenbos ya ja taimin baya, wato ya jinkirta lokacin da fulogi ke bada wuta, don ya kare injin, kai kuma kaji mota ta yi sanyin jiki kamar tana azumi. Shi yasa da asuba lokacin hunturu zakaji motarka tana wani rawar jiki, da azahar a watan bazara kuma kana takawa tana maka nawa. Mota ɗaya ce, iskar ce ta canja. Haka wanda ya hau Jos, tsayin wajen mita 1,200, duk da sanyin garin zai ji mota ta ɗan rage, saboda can sama iskar bata da nauyi, sanyin baya iya biyan abin da tsayin ya ci.

Toh tunda haka ne me yasa nake ganin ƙanina ya yi asara? Saboda abin da ya cire ɗin, shi ne mai jawo iska mai sanyin. Wannan shine abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Je ka buɗe bonet ɗin kowace Corolla ko Camry ko Accord da ba a taɓa ba, ka bi baƙin bututun roban da ya fito daga akwatin iyakilina, zaka ga bakinsa ya tafi gaba wajen giril ko ya shige gefe ta bayan fitila da bamba, inda hucin injin baya kaiwa. Akwatin a rufe yake ruf, iskar waje kawai yake sha. Injiniyoyin Toyota da Honda sun san lissafin digiri 3 ɗin nan tun kafin a haife mu. Kai kuma ka zo ka cire, ka bar filta tsirara a tsakiyar ɗakin injin, inda fankar lagireto take hura iskar da ta ratsa ruwa mai zafin digiri 90 kai tsaye, ga salansa tana nata hucin. A hanya kana gudu da sauƙi, iska tana shigowa tana kore zafin. Amma a gosulo ko kana tsaye a danja, hucin nan ne zalla motar take zuƙa.

Ban tsaya musu da shi ba, na ɗauko ɗan abin nan ELM327 da ake sokawa a ramin OBD, wato inda ake jona kwamfutar duba mota, ƙarƙashin sitiyari a haɗa da waya, kuɗinsa ba yawa, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da ramin. Muka buɗe wajen da ke nuna IAT, wato zafin iskar da ke shiga injin. Muna tafiya a titi lambar tana sama da zafin gari kaɗan, muka shiga cunkoson kasuwa muka tsaya kamar minti goma da AC a kunne, lambar ta dinga hawa yana kallo da idonsa har ta haura 70. Muka fito fili ya taka, motar ta yi ihu kamar zata tashi sama amma tafiyar ba wani abin kirki, sai da muka ɗan yi nisa sannan lambar ta fara saukowa. Yace amma Yaya wallahi ni ina jin ta ƙara wuta. Nace kunnenka ne ya ji, ba bayanka ba.

Kuma ba laifinsa bane, ƙara tana yaudara sosai. A jikin bututun kamfani akwai wasu kumbura-kumbura na roba, wani kamar gora wani kamar ƙaramin tulu, da yawa bakanikai suna ɗauka ado ne ko tarkace. Resoneta ne, aikinsu kashe ƙarar zuƙar iska, irin abin da ke faruwa idan ka hura bakin kwalba ta yi sauti, wani Bajamushe Helmholtz ne ya yi bayaninsa tun ƙarni na 19. Kana cire su gurnani zai fito, kuma mutum in ya ji gurnani sai ya ƙara taka totur don daɗin sautin, sai yaga mota tana tafiya, sai yace filta ce.

Asalin kol eya intek ɗin kala biyu ne a kasuwa kuma mutane suna haɗa su. Akwai gajere, irin na ƙanina, filta a cikin ɗakin injin, wannan in ba a yi masa katanga ta raba shi da zafi ba sunansa kawai ke da sanyi. Akwai kuma dogo wanda shine na gaskiyar, bututu ya lanƙwasa ya sauka ƙasa ya kai filtar can cikin bamba gaban taya, irin wanda matasan Amurka suka yayata a kan Honda Civic da Integra a shekarun 1990. Wannan kam yana samun iskar waje, kuma a wasu motocin da bututun kamfaninsu ya matse da yawa ana samun ƴan dawakai kaɗan, amma a can saman ref, wato juyin injin wajen 5,000 zuwa 6,000 a minti, totur a buɗe gaba ɗaya. Tambayi kanka sau nawa allurar motarka take kai 5,000 a sati. A tafiyar yau da kullum abin da ke tare iska ba filta bace, faifan totur ne da kai da kanka ka bari a kusan rufe da ƙafarka. Ko ka cire filtar gaba ɗaya, a rubu'in totur iskar rubu'in totur ce zata shiga.

Nan ne maganar rage shan mai take rushewa, kuma na san tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 duk abin da aka ce yana rage shan mai mutane rububinsa suke. A motar injekta birenbos yana riƙe da 14.7 ɗinsa ko ana ha-maza ha-mata, iska ta ƙaru ya ƙara mai, ta ragu ya rage. Don ka yi gudun 80 a titi ƙarfi kaza kake buƙata, ƙarfin nan kuma mai kaza yake ci, iska mai sanyi zata sa ka ɗan sassauta ƙafa ne kawai ka samu ƙarfin, man dai shine. In ma za a bi diddigi, iska mai ɗumi ce take ɗan taimakawa wajen tsimin mai a ƙaramin totur, tsofaffin motocin Turai masu kafireto ma suna da wani ɗan murfi a hancin iyakilina mai jawo iska mai ɗumi daga kan salansa lokacin sanyinsu. A kafireto ne toshewar filta take sa shan mai sosai, daga can aka gaji maganar.

Sai matsalar da take kai mutane gareji bayan sati biyu, wato eyafulo. Corollar nan tana da sensar eyafulo, wadda ake kira MAF, a jikin murfin akwatin iyakilina, wata siririyar waya ce ake ɗumamawa da lantarki, iska tana wucewa tana sanyaya ta, daga nan ake gane yawan iskar. Amma ba duk iskar take aunawa ba, ɗan samfur take ɗiba a inda take zaune, birenbos kuma ya ninka bisa faɗin bututun da aka koya masa a kamfani. Ka canja bututu daga inci 2.5 zuwa inci 3 don ya yi kyau a ido, faɗin bakin ya ƙaru da kashi 44 cikin 100, iskar ta rage gudu a kan wayar, sensa tace iska kaɗan ce ta shigo alhali da yawa ce, birenbos ya bada mai kaɗan. Sensar oksijin ta salansa zata yi ta ƙoƙarin gyarawa har ta kai iyakarta, sai wutar cek ta kama, a saka kwamfuta a ga lambar matsala P0171 ko P0101, mota tana rawa a sulo tana shaƙewa in an taka. Daga nan sai a fara canja fulogi, a wanke nozul, a ce famfon mai ne, kuɗi suna ta tafiya alhali ciwon yana nan yana sheƙi a gaban kowa. Kamfanonin kirki suna yin bututun kowace mota da faɗinta daidai a wajen sensar, shi yasa nasu yake da tsada, a jihar Kalifoniya ma sai da lambar amincewar hukumar CARB ake yarda ka hau titi da shi. Na kasuwarmu mai shiga kowace mota, wanda ake huda rami da dirila a cusa sensa a liƙe da gam, wannan sai dai addu'a.

Ni duk wannan ma ba shine ya fi damuna ba. Ƙura ce. Koma kan lissafin farko, lita ɗaya ta fetur iska lita dubu 9, tankin lita 50 kenan iska ta kusa lita rabin miliyan ta bi ta cikin filtar nan kafin ka sake shan mai. Yanzu ka tuna Disamba da Janairu a Kano ko Damagaram ko Maraɗi, lokacin da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi take rufe gari, ka wanke mota da safe kafin azahar ka iya rubuta sunanka a gilas. Ƙurar nan akwai yashi mai laushi a ciki, in ta shiga silinda ta haɗu da baƙin mai ta zama kamar sanfefa, tana cin ringi da bangon silinda a hankali, ba yau zaka gani ba, sai bayan shekara ɗaya ko biyu mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi kace ai dama injin Balgiyam ɗin ne ba kyau. Filtar da ke barin iska ta wuce da sauƙi galibi ramukanta sun fi faɗi ne, ba sihiri a ciki. Irin ta auduga da raga wadda kamfanin K&N ya yi suna da ita, daga tseren babura a hamadar Kalifoniya ta samo asali, mai na musamman ake shafa mata shine yake kama ƙurar, kuma sai ana wankewa ana sake shafawa a kan ƙa'ida, in an cika man ya iya ɓata wayar sensa, in an bari ta bushe kariyar ta ragu. Ta ƙanina kuwa ko suna babu a jikinta, na cire na ɗaga ta saitin rana, haske yana ratsowa ɗigo-ɗigo kamar rariya. Na zura yatsa cikin bututun bayan filtar na shafo, yatsan ya fito da jan gari. Sati uku kacal da sakawa.

Dogon kuma, na gaskiyar, nasa hatsarin damina ne. Ka kai bakin shan iskar injin ƙasa daf da titi, a garuruwan da ruwan awa ɗaya a watan Agusta yake maida layi kogi. Iska tana matsuwa, ruwa baya matsuwa. Kowace silinda a injin 1.8 tana ɗaukar wajen 450cc, fistin in ya hau sama gurbin da yake ragewa kusan 50cc ne kawai, wato kashi ɗaya cikin goma na ledar fiyawata. Ruwan da ya wuce haka ya shiga silinda ɗaya injin yana juyawa, fistin zai daki bango, kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe ko ya karye ya fasa bulok. Ba gargaɗi, ba wutar cek, ɗif kawai zakaji a tsakiyar ruwa. Kuma in hakan ta taɓa faruwa da kai, ko da bututun kamfani ne, kada ka sake murza ki, a jawo ta a cire fulogai a fitar da ruwan tukuna. Doki biyar a 6,000 a gefe ɗaya, sabon injin a ɗaya gefen.

In kana son ganin waɗanda suka fahimci shan iska a irin ƙasarmu, dubi Hilux da Land Cruiser masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku, da na ƙungiyoyin agaji. Su sama suke kai bakin, sunokel, baƙin bututun nan da ke bin gefen gilas har rufi. Can sama ƙurar da tayoyi ke tayarwa ta fi sauƙi, ruwa baya kaiwa, iskar kuma ta waje ce ba ta ɗakin injin ba, wasu har da kwanon nan mai juya iska ya watsar da yashi kafin ta isa filta, irin na tarakta. Kuma duk da haka akwatin filtar kamfani yana nan a rufe, ba wanda ya cire shi.

Masu injin tabo (turbo) nasu lissafin daban ne, a taƙaice. Tabo tana matse iska, matsewar tana ɗumama ta har ta wuce digiri 100, don haka abin da ke sanyaya ta shine intakula, ɗan lagireton nan na gaba. Wanke shi daga laka da ƙwari, ka tabbata hos ɗinsa baya yoyo, ya fi maka kowace jar filta.

Ga mai mota irin tamu da yake son iska mai sanyi da gaske, aikin ba mai sheƙi bane. Yawancin motocin da ke yawo a titinmu sun riga sun rasa iskar sanyin da aka haife su da ita, ba tare da mai motar ya sani ba. An taɓa buga gaba mai gyaran bodi ya cire bututun da ke kaiwa bamba bai mayar ba, akwatin yana zuƙa daga cikin bonet. Kilif biyu sun karye an ɗaure murfin da waya, gefe a buɗe. Roban da ke tsakanin akwati da totur ya tsage a lanƙwasa an naɗe da salatif, wannan ma ya fi muni don iskar da ke shiga nan bata bi ta filta ba bata bi ta sensa ba. Robobin da ke gefen lagireto da na ƙasan injin an yar, wai suna sa zafi, alhali su ne ke hana huci dawowa gaba. Sai al'adar kai filtar takarda wajen mai faci ya hure ta da iskar kwamfuresa, ta fito fes a ido amma an yayyaga ƙananan ramukanta, gara ka bubbuga ta a hankali in ta yi nauyi ka canja, kuma da hunturu kada ka jira kilomitar da littafin mota ya faɗa, ba don ƙurarmu aka rubuta shi ba. In ka mayar da waɗannan yadda suke, ka saka ɗan abin OBD ɗin ka duba, a tafiya lambar IAT bai kamata ta yi nisa da zafin gari ba. Wanda kuma ya dage sai ya ji gurnani, toh aƙalla ya sayi wanda aka yi wa motarsa takamaimai, mai akwati a rufe ko katanga da roba a bakinta da zata manne da bonet, bakin shan iskar yana kallon waje kuma sama da tsayin taya. Irin su Panteka a Kaduna akwai masu hannun da zasu lanƙwasa maka katangar da falanki in ka nuna musu abin da kake so.

Ƙanina dai da muka koma wajen wanda ya yi masa aikin neman tsohon akwatin, yaron shagon yace ai oga ya sayar tun ranar. Sai Kofar Ruwa muka je muka samo na Balgiyam da bututunsa da resoneta, kuɗin ya kusa ninka abin da ya biya na jar filtar, aka wanke sensar da feshinta aka mayar. Jar filtar tana nan a but ɗinsa, yace zai samu wanda zai saya.